Yadda na zaɓi jita da fikof ɗinta a garin da hunturu ke tsaga katako

Jitar da na yi shekaru ina kaɗawa ta aro ce, ta wani yayana da aiki ya kai shi Jos ya bar ta jingine a ɗaki. Ranar da ya ce zai tafi da kayarsa ba ni da bakin magana. Abin da ya sa neman wata ya zama na gaggawa shi ne a lokacin mun fara samun gayyata zuwa tarurruka, ni da jita, abokina da kalangu, sai wata 'yar'uwa mai rera waƙa. A cikin ɗaki muryar jitar katako ta isa har da saura. A zauren taro kuwa, ga fankoki na juyawa, ga janareta a bayan taga, ga kalangu a gefen kunne, ko ni da nake rungume da ita ba na jin abin da yatsuna ke yi. Makirufon da ake kafa mini a gabanta ya kan kwashi hayaniyar zauren gaba ɗaya, in injiniya ya ƙara murya kuma sifika ta ɗauki ihu. Saboda haka sayayya biyu ce a gabana: jitar kanta, da na'urar da za ta ɗauki sautinta ta kai wa amfilifaya, wato fikof.

Shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari cike suke da jitoci masu zuwa da fikof a jiki, da ɗan akwatin madannai a haƙarƙari. Kafin in taɓa ko ɗaya sai na biya wajen wani dattijo mai gyaran kayan kiɗan coci-coci a unguwar, wanda ya saba ɗaura mini tsirkiya. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da ke tafe da ni.

Ya ce, "Yaro, kuɗin naka kashi nawa ne?"

Na ce, "Baba, dunƙule ɗaya ne."

"To ka raba shi biyu. Sayi katako tukuna, ka saurare shi ba wuta. A jita mai araha, kuɗin wannan akwatin na jiki daga katakon aka zaftare shi."

Da wannan shawara na shiga kasuwa, aljihuna ɗauke da rular ƙarfe, da guntun takarda, da katin waya da aka riga aka kankare, da sabon saitin tsirkiya, da manhajar saita sauti a wayata.

Abu na farko da nake dubawa shi ne fuskar jitar, wato allon da rami yake kai. Shi ne ke yin mafi yawan sautin. Tsirkiya tana girgiza ƙashin da take kwance a kai, ƙashin ya girgiza jaki, wato ɗan katakon da ke manne a fuska yana riƙe da tsirkiyoyi, jakin ya girgiza fuska, fuskar ta tura iska. Kaurin allon nan bai cika wuce milimita 3 ba, alhali tsirkiyoyi shida na ƙarfe suna jan sa dare da rana da nauyin da ya kai kilo 70. Ana yin sa ko dai da gundarin katako, ko da filawud mai falle-falle da aka lulluɓe da kyakkyawan itace a sama. Daga nesa ba ka bambancewa. Sai ka kai ido bakin ramin, inda kaurin allon ya bayyana. In layukan itacen da ke kan fuska sun gangara sun ratsa kaurin har ciki, gundari ne. In ka ga hawa-hawa manne da juna, filawud ne. Wasu masu ƙira kan shafe bakin da baƙin fenti, ni kuwa da na ga haka na san amsar. Misalin da kowa zai iya gwadawa: Yamaha F310, wadda ta cika hannun masu koyo, fuskarta filawud ce, ita kuwa FG800 ta kamfanin ɗaya fuskarta gundarin sufurus ce, itacen ƙasashen sanyi mai sauƙin nauyi da tauri. Ka ɗora su a cinya ɗaya bayan ɗaya, kunnenka zai gaya maka inda ƙarin kuɗin ya tafi.

Wanda ya karanta bayanan Turawa zai ɗauka magana ta ƙare, a nemi jitar da fuska da baya da haƙarƙari duk gundari ne. A Kano maganar ba ta ƙare a nan ba. Manyan kamfanoni irin su Martin da Taylor suna cewa a ajiye jita inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Mu kuwa da hunturu danshin kan sauka ƙasa da kashi 20, a tsakiyar damina ya haura 70. Gundarin katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya motse, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, yayin da sandunan da aka manna masa a ciki suke riƙe da shi ba su motsawa tare da shi. In ya ja ya ja ya rasa inda zai bi, sai ya tsage. Shagon dattijon nan shaida ne: jitoci masu tsada rataye a bango, yawancinsu da tsaga iri ɗaya, daga bayan jaki ta miƙe zuwa gindi. Filawud bai damu da wannan sosai ba, domin fallayensa a giciye suke, kowanne na riƙe da ɗan'uwansa. Don haka na tsayar da abin da nake nema: fuska gundari saboda murya, baya da haƙarƙari filawud saboda hunturu. Wuri ɗaya da zan yi ta lallaɓawa ya fi mini wuri uku.

Sanin haka ya kuma koya mini karanta jitocin hannu, waɗanda suka sha iskar wani gida kafin su zo shago. Wadda ta bushe, fuskarta kan lotsa a gaban jaki, tsirkiyoyi su sauko suna gugar ƙarfe, kuma in ka shafa gefen wuyan za ka ji bakunan firet, wato ƙarafan da aka jera a gicciye a kan wuya, suna yankar yatsa, domin itacen ya motse ya bar ƙarfen a waje. Wadda ta sha laima kuwa cikinta kan tasa a bayan jaki, tsirkiyoyi su yi sama. Ɗan tudu kaɗan a bayan jaki ba aibi ba ne, da shi ake ƙera su. Abin gudu shi ne tudu a baya da kwari a gaba, jakin ya karkata yana kallon rami.

A kan wuya na fi daɗewa, domin nan ne ake sayen wahala. Jita mai daɗin murya da mugun wuya za ka ajiye ta cikin wata guda. Na kan danne tsirkiya mafi kauri a firet na 1 da na 14 lokaci ɗaya, in duba tazarar da ke tsakaninta da firet na 7. Ana son ɗan fili ƙanƙane, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na milimita, yadda takarda mai ɗan kauri za ta shige da ƙyar. In babu fili sam, wuyan ya miƙe da yawa ko ya lanƙwashe baya, za ta yi ta zizara. In katin waya ya shige yana lilo, ya lanƙwashe gaba. Duka biyun ana gyara su da sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ake juyawa da alanki ta cikin rami ko ta kai. Sharaɗin dai sandar ta kasance da rai. Na roƙi wani mai shago ya bar ni in gwada ta wata jita mai sheƙi.

Ya ce, "Malam, sabuwa ce fa, daga kwali."

Na ce, "Oga, kwata ɗaya kawai zan juya, a gabanka, in mayar."

Alankin ya yi ta zagayawa ba abin da ya kama. Na miƙa masa kayarsa muka rabu lafiya.

Bayan lanƙwasa sai tsayin tsirkiya. A firet na 12 nake ɗora rula: daga saman ƙarfen zuwa ƙasan tsirkiya mai kauri ina son wajen milimita 2 da rabi, siririyar kuma wajen 2 ko ƙasa kaɗan. In ta fi haka ba lallai a gudu ba, sai a dubi farin ƙashin da ke kan jaki. In yana da tsayi a waje, ana iya goge gindinsa da sanfefa, kuma duk milimita 1 da kake so ka rage a firet na 12 sai ka cire 2 a ƙashin. Amma in tsirkiya na sama, ƙashin kuma an riga an cinye shi har ya kusa nutsewa cikin jaki, to wuyan ne kansa ya sunkuyo saboda shekarun ja. Hanyar tabbatarwa ita ce ka kwantar da doguwar rula a kan firet ka tura ta wajen jaki. Kamata ya yi bakinta ya sauka daidai saman katakon jakin. In ta soki jikinsa can ƙasa, gyaran sai an cire wuya an sake dasa shi, aikin da kuɗinsa zai fi na jitar. Jitocin hannu da dama da suka burge ni a ido, a nan suka faɗi.

Sai daidaiton sauti. Ka saita tsirkiya da manhaja, ka danne ta a firet na 12, ya kamata manhajar ta nuna harafin nan dai, allurar a tsakiya. Ɗan kaucewa kaɗan ana jurewa, tsohuwar tsirkiya ma kan jawo shi, shi ya sa na zo da sabuwa don jitar da na ga zan saya. Amma in duka shida sun yi sama sosai, an dasa jakin ne ba a gurbinsa ba, kuma kowace waƙa da za ta kai ka tsakiyar wuya za ta yi tsami. Mai rera waƙa ce za ta fara shan wannan wahalar kafin kowa.

Sauran dubawar ba ta ɗaukar lokaci. Guntun takarda a ƙarƙashin jaki ta baya, in ta shige gam ya fara saki. Makullan ɗaure tsirkiya, a juya a ji ko suna kamawa nan take ko sai sun yi yawo. Sannan in sassauta tsirkiyoyi in zura waya cikin rami, fitila a kunne, in ɗauki hoton ƙasan fuska. Nan za ka ga sanduna biyu da suka giciye, tsarin da kamfanin Martin ya yaɗa tun ƙarni na 19, da ɗan allon da ke ƙarƙashin jaki wanda ƙulallan tsirkiya ke cizo. Tsabtar aikin mai ƙira a ciki take, inda bai zaci za a leƙa ba. Daga nan sai in danne tsirkiyoyi da tafin hannu in bi fuska da baya ina ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa, kamar yadda mata ke yi wa ƙwarya kafin su biya. Lafiyayya tana amsawa da murya ɗaya mai zurfi. Inda sanda ta saki za ka ji wani ɗan kas-kas a ƙarƙashi.

Wani abu da ya ba ni sha'awa a wannan yawo shi ne yawan itacen nahiyarmu da ke jikin jitocin da muke saye da dala. Abin da ake rubutawa mahoganin Afirka dangin maɗacinmu ne. Itacen safele, da ake yin baya da haƙarƙari da shi, sunan garin Sapele na jihar Delta ya ci. Baƙin itacen da ake shimfiɗawa a wuyan jitoci masu tsada dangin kanya ne, kuma da yawansa daga Kamaru yake fita, har kamfanin Taylor ya shiga cikin sayen wata masana'antar yanka shi a Yawunde a 2011. Itacen ya tafi a gungume, ya dawo da tambari.

Tambarin ma sai an yi hattara da shi. Akwai jitoci masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni da ba su taɓa shiga masana'antar kamfanin ba. Takardar da ke cikin rami, da lambar ƙira, da tsabtar rubutun da ke kai, duk ina dubawa, amma na fi yarda da rula.

Sauraro shi ne na ƙarshe, kuma a kasuwa yana da wuya. Na kan roƙi a bar ni in shiga can ƙuryar shago. Mai kaɗa jita ba ya jin ta yadda take, domin muryar gaba take fita, shi kuma yana baya. Sai na riƙa ba yaron shago ya kaɗa, ni in ja da baya taku uku ko huɗu in saurara. Ina neman tsirkiyoyi masu kauri su yi zurfi ba tare da sun haɗiye sirara ba, in an taɓa a hankali ta amsa, in an doke ta kada ta shaƙe. Sannan in karɓa in bi wuyan gida-gida ina jin tsawon ran kowane sauti. A kusan kowace babbar jita akwai wani sauti a tsirkiya mai kauri, wajen firet na 2 zuwa na 4, da ke fitowa da ƙarfi ya mutu da wuri. Nan ne iskar da ke cikin akwatin take amsawa, wajen girgiza 100 a daƙiƙa. Ba lahani ba ne. Na dai riƙe shi a raina, domin shi ne sautin da zai fara gunji ranar da aka haɗa ta da sifika.

Na ƙare da FG800 ta hannu, mai 'yan ƙuraje a gefe da wuya miƙaƙƙe. Ƙirarta irin babbar nan ce mai faɗin ƙugu, wadda Martin ya fara yi wa kamfanin Ditson a 1916, aka raɗa mata sunan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila. Da na sami ƙaramar ƙira mai inganci iri ɗaya da ita zan ɗauka, domin ƙaramin ciki bai cika gunji a dandamali ba, amma abin da ke kasuwa shi ake saye. Ƙurajen nan sun yi mini amfani wajen ciniki.

Zaɓen fikof ya fi cin rai, domin ba a ba ka ka gwada a jikin jitarka kafin ka biya, wasu ma sai an huda katako. Abin da na yi shi ne na riƙa bin masu kiɗa ina roƙon in taɓa nasu a haɗe da sifika, sauran kuma na saurara a intanet da abin kunne.

Wanda ya fi yawa a hannun mutane shi ne fiyezo, siririn zare ko falle da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin ƙashin jaki. Wasu duwatsu da yumɓu na musamman suna fitar da 'yar wuta in an matsa su, abin da 'yan'uwan nan Jacques da Pierre Curie suka gano a Faransa a 1880. Irinsa ne a cikin laitar gas mai ƙyas-ƙyas. Kamfanin Ovation ne ya yaɗa shi a jikin jita a farkon shekarun 1970. Amfaninsa ba a ganin sa, kuma yana jure ƙarar dandamali gwargwado. Amma matsin tsirkiya a kan ƙashi yake ji, shi ya sa in ka doki jitar da ƙarfi yake ba da wani sauti mai kaushi, kwas-kwas, wanda duk mai halartar biki ya san shi ko bai san sunansa ba. Ni kuwa hannuna mai nauyi ne, dole ma ya yi nauyi kusa da kalangu. Ga shi da tsirfa wajen dasawa: in gindin ƙashin bai kwanta sumul ba, sai ka ji tsirkiya ɗaya na ihu, ta kusa da ita ta yi shiru. Masu araharsa kuma suna zuwa da akwatin madannai da sai an yanke taga a haƙarƙarin jita. Wannan ban ma tsaya tunani a kai ba.

Wanda ya ja hankalina da gaske shi ne mai mannewa a ciki, irin K&K Pure Mini, 'yan faifai uku da ake liƙawa da sufa gulu a allon da ke ƙarƙashin jaki. Ba ya cin batir, kuma motsin katakon kansa yake ji, har bugun yatsa a jikin jita yana ɗauka. A cikin waɗanda na saurara shi ya fi kama da jitar da na saya. Sai dai abin da ya sa ya yi daɗi shi ne abin da ya sa na bar shi. Tunda fuska yake saurare, in sifika ta girgiza fuskar zai ɗauka ya mayar wa sifika, ita ma ta dawo da shi, gunji ya tashi. A zaure mai shiru da injiniya mai haƙuri, shi zan zaɓa. Wuraren da ake kiran mu kuwa sau da yawa sifikar tana bayan kaina, kuma mai kula da ita shi ne mai kula da janareta. Akwai kuma masu haɗa ɗan makirufo a ciki da fiyezo, irin Anthem na L.R. Baggs. Muryarsa ta yi, kuɗinsa ne ya fi na jitar tawa.

Saura mai maganaɗisu, wanda ake maƙalawa a bakin rami. Aikinsa irin na jitar lantarki ne: maganaɗisu da naɗin siririyar waya, ƙarfen tsirkiya na kaɗawa a kansu yana haifar da wuta. Ba ya aiki da tsirkiyar roba. Ko a ta ƙarfe ma, jan naɗin tagulla da ke kan masu kauri ba ya jin sa, zuciyar ƙarfen da ke ciki kawai yake ji, shi ya sa sirara biyu marasa naɗi, musamman ta biyu, kan fi sauran ƙara in ba a daidaita ba. Muryarsa tana da kauri da ɗumi, ta ɗan karkata wajen ta lantarki. Masu son jita ta fito tsantsar katako suna ƙyamar wannan. Ni kunnena ya tashi da kiɗan jitar Agadas, inda tsirkiya ɗaya-ɗaya ke tafiya a kan bugu, don haka wannan karkata ba ta dame ni ba. Kuma a nan zan ɗan saɓa wa Baba: irin wannan fikof bai damu sosai da ingancin fuska ba, jita mai araha ma za ta yi murya da shi. Abin da ba ya yafewa shi ne mugun wuya. Kowace zizara da kowane tsami sai ya ƙara musu girma.

A cikin masu maganaɗisun ma akwai zaɓi. Mai naɗi ɗaya yana kwasar zuuu ɗin wutar lantarki, wadda a ƙasarmu take juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma a wurin da aka ja wayoyi barkatai daga janareta abin ya fi muni. Mai naɗi biyu yana kashe wannan. Sai batun mai batir da marar batir. Fikof marar batir, musamman fiyezo, yana son mashigar da turjiyarta ta kai om miliyan 1 (om shi ne ma'aunin turjiyar wuta), alhali mashigar layi ta yawancin miksa, na'urar da injiniya ke haɗa muryoyi da ita, wajen om dubu 10 take. In ka soka shi kai tsaye, zurfin muryar ya zube, sai ƙarau-ƙarau. Da yawa daga masu kukan fikof ɗinsu ba shi da kyau, wannan ne ciwonsu. Mai batir yana da ɗan ƙaramin amfilifaya a jiki da ke magance wannan. Na ɗauki M1 Active na L.R. Baggs, na hannu, daga wani makaɗi a Legas, bayan ya turo mini hotunansa ciki da waje. Naɗi biyu ne, yana da kusoshi shida da ake ɗagawa ko saukarwa don kowace tsirkiya, da ɗan gargaren ƙara murya a gefe. Batirinsa irin faifan nan ne CR2032 na makullin mota da kwamfuta, wanda mai gyaran agogo ma yana da shi, kuma yana daɗewa. Ban da shi na sayi ɗan akwatin DI, domin a ja dogon kebul irin na makirufo zuwa miksa ba tare da ya kwashi hayaniya a hanya ba.

Da farko ban huda komai ba. Na maƙala shi a rami, na bar kebul ya fito ta baki na liƙe shi da salatif, muka yi atisaye da shi har na gamsu. Sannan na koma wurin Baba don a sa soket a gindi, inda ake maƙala igiyar ratayawa. Akwai dunƙulen katako a ciki a wannan wuri, kuma ramin sai an faɗaɗa shi zuwa wajen milimita 12. Ya liƙe wurin da tef, ya ɗauki ƙarfen faɗaɗa rami mai tsini yana murzawa da hannu kaɗan-kaɗan. Na tambaye shi me ya hana shi injin huda ya gama nan take. Ya ce babban baki in ya kama sai ya ɓalle fenti har da tsokar itace, ya nuna mini wata da wani kafinta ya yi wa haka. Ya ɗaure kebul ɗin ciki don kada ya riƙa dukan baya, ya ɗaure kusoshin da ke riƙe fikof a bakin rami daidai kamawa, ya hana ni ƙarawa. Sannan muka haɗa da amfilifaya, na riƙa kaɗa tsirkiya ɗaya-ɗaya yana saukar da kusoshin sirara yana ɗaga na masu naɗi har muryoyin suka jeru.

A taron farko na roƙi injiniya abu biyu, ya zaftare ƙasan muryar daga wajen girgiza 100 a daƙiƙa zuwa ƙasa, ya kuma matsar da sifikar da ke kallon cikin jitar. Ya ƙara murya har na ji kaina a kan kalangu, ba gunji. Mai waƙarmu ta ce karon farko ke nan da ta ji inda za ta shiga ba sai ta kalli hannuna ba. Abin da na rasa na san shi: numfashin katakon da na sha wahalar zaɓa ba ya fitowa duka ta wannan hanya. In za mu naɗi sauti a ɗaki sai in kafa makirufo tazarar ɗani ɗaya daga inda wuya ya haɗu da jiki, ba a bakin rami ba, in haɗa shi da ɗan kaɗan daga fikof.

Soket ɗin shi ne makunnin batir, don haka ina zare kebul da zarar an tashi. Da iskar hunturu ta fara kaɗawa kuma jitar ba ta kwana a waje. Tana cikin akwatinta tare da gidan sabulu da na huhhuda, da jiƙaƙƙen soso a ciki wanda aka matse har ba ya ɗiga, da ɗan agogon auna danshi. Duk da haka fuskar kan ɗan sauka, tsirkiyoyi su matso firet, kusoshin da ke riƙe fikof su yi sako-sako sai an ɗan ƙara musu. Baba ya yanka mini ƙashi na biyu mai ɗan tsayi, shi nake sawa daga Nuwamba, in mayar da gajeren idan ruwa ya sauka. Duk lokacin da na sauya ƙashi, tazarar tsirkiya da maganaɗisu ta sauya, sai in sake bin kusoshin nan shida da alanki.